Saran Farko

Na tarar da Mamasoli-aka a bayan gidansa, tsugune a gindin itace, yana kankare jan fenti da wuƙar yanka kankana. Rana ba ta gama ɗagowa ba. Ɓawon da ya kankare ya zube a kan takalmansa, ɗanyen jikin itacen kuma ya fito fili yana tsattsafar ruwa. Ya gama da uku. Sauran na nan a jere a bakin magudanar ruwa, dogaye sambal, kowanne da tabon ja daidai ƙirjin mutum.

Na yi masa sallama, ya amsa bai ɗago ba. A wajenmu "aka" ake ce wa namijin da ya girme ka, wato yaya, mace kuwa "opa".

"Ka makara, Malam. Yaranka sun wuce tun ɗazu."

"Ba su yi asarar komai ba, aka. Ko na je ko ban je ba, barci za su yi a kan tebur. Me itacen nan ya yi maka?"

"Wanka nake yi masa."

"Ka san za su dawo su sake shafawa."

"Su dawo. Fenti nasu ne, wuƙa tawa ce."

Itatuwan terak ne, kuma ba nasa ba ne, ko da yake shi ya dasa su. A makon da aka haifi ɗansa Sanjar ya kafa su, kamar yadda iyaye ke yi a nan kwarin Fargana. Yaro na girma itace na girma, ranar da ya isa aure su ma sun isa azara, sai a sare a rufa masa ɗaki. A ƙauyenmu mai itacen ne ke yin saran farko da hannunsa, ubansa na tsaye a bayansa, sannan 'yan gayya su karɓi gatari. Ba a taɓa itacen yaro a bayan idonsa, sai fa idan ya riga iyayensa barin duniya. A nan ne ake sarewa a kai masallaci sadaka.

Sanjar ɗalibina ne, yaro mai shiru da ke son zama kusa da taga. Yana gama makaranta ya bi sa'o'insa zuwa Rasha aikin gini, da niyyar ya ɗan tara abin biki ya dawo. Itatuwan sun isa sara tun tuni, har sun wuce. Yarinyar da uwarsa ta sa wa ido ta gaji da jira, yanzu ɗanta na fari yana ajina.

* * *

Filin jirgin yana tsakaninmu da birni. Muna yara, ƙananan jirage ne ke sauka da rana, mu hau katanga muna ɗaga musu hannu. Daga baya aka ƙara masa tsawo, manya suka fara zuwa, kuma waɗanda ke kwasar 'ya'yanmu zuwa Rasha da dare suke tashi, saboda tikitin dare ya fi sauƙi. Da can ta saman birni suke bi. Sai aka gina dogayen gidaje masu gilashi a wancan gefen, masu hali suka tare, suka kai kukansu inda ake sauraron kuka. A farkon bazara doka ta fito: daga bayan isha'i zuwa asuba ba jirgin da zai ratsa saman birni. Mai sauka da mai tashi duk ta gabas za su bi. Mu ne gabas.

Kafin auduga ta fashe mun koyi zama da ƙarar. Mutum na tsakiyar magana sai ya dakata, kofuna na rawa a kan faranti, ƙura na zubowa daga rufi, in ta wuce ya ɗora daga inda ya tsaya. Jarirai suka mai da rana dare. Kaji suka rage ƙwai. A aji na daina tada mai gyangyaɗi, nakan sassauta murya in ci gaba da waɗanda idonsu ke buɗe.

Sai aka turo wani saurayi mai ladabi ya yi mana bayani a gidan shayi. Ya tuɓe takalmansa masu sheƙi, ya ƙi zama sai da dattawa suka zauna, ya karɓi shayi hannunsa na hagu a ƙirji.

"Doka ce ta kare lafiyar jama'a, iyayena," ya ce. "Likitoci sun ce ƙarar jirgi da dare na hana barci, rashin barci kuma na kawo hawan jini."

Ergash mai aski ya ajiye kofinsa. "To mu fa, ɗana? Namu jinin ba ya hawa?"

"Kai ina ka ga jini?" in ji Holmat, mai unguwarmu. "In aka tsaga ka koren shayi ne zai zubo."

Aka yi dariya, har da saurayin. Da ta lafa ya ce yawan jama'a aka duba. Ta yamma mutane dubbai ne, ta gabas kuwa kaɗan.

Ba wanda ya musa. Na dubi waɗanda ke zaune a kan gadajen katakon gidan shayin, ban ga baƙin gemu ko ɗaya ba. Gaskiya ya faɗa, mun yi kaɗan, kuma jiragen nan ne suka rage mu.

Daga nan ya zo kan abin da ya kawo shi. Tun da ta kanmu jirage ke sauka cikin duhu, kuma ƙasa-ƙasa, dole a kawar da duk abin da ya yi tsawo a kan hanyarsu kafin dusar ƙanƙara ta fara zuba. Duk itacen da aka shafa wa jan fenti sai ya faɗi, amma za a biya diyya. Wanda ba shi da ƙarfin sara, za a turo masu inji su taimaka masa.

"Ni ba ni da itace," Mamasoli-aka ya ce. "Na Sanjar ne. Ku nemi izininsa."

"Yana ina, baba?"

"Jirginku ne ya ɗauke shi. Ku tambayi direban."

Gidajen da ke daidai kan hanyar ba su da yawa. Wasu 'ya'yansu sun zo ganin gida sun yi saran, wasu tsofaffin itatuwa ne da ba su da mai su. Ɗaya bayan ɗaya suka faɗi, sararin sama ya buɗe ta wannan gefen kamar bakin da aka cire wa haƙora. Na Sanjar kaɗai suka rage a tsaye.

* * *

Wata Juma'a da la'asar Tursunoy-opa, matar Mamasoli-aka, ta aiko a kira ni, saboda wayata ce mai nuna fuska. Na same ta a kan gadon katako na tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabi, tana ɗinka bargon auduga. A ɗakin baya akwai irinsa jibge har kusa da rufi, duk na gidan da ba a gina ba tukuna.

"Sanjar, Malam ya iso," ta ɗaga murya wajen garken tumaki.

Mijinta take kira. Miji da mata a nan ba sa faɗin sunan juna, da sunan ɗan fari suke kiran juna. Don haka a gidan nan tun safe har yamma sunan yaron ake ambata, tsoho ko tsohuwa na amsawa.

Ta zuba mini shayi, ta rage murya. "Malam, ni ba azara ce ta dame ni ba. Ka tuna ɗan Zulhumor da aka kawo mana a akwatin ƙarfe? Ana tashi daga zaman makoki aka sare nasa. Duk wanda ya bi hanyar nan ya ga kututture a bayan gida, bai ga sabon rufi ba, fatiha zai shafa ya wuce. Ɗana da ransa za a riƙa yi masa fatiha."

"Ba mai yi wa ɗana fatiha," in ji mijinta, yana tahowa yana goge hannu a riga. "Kira shi, Malam."

Fuskar Sanjar ta fito, ta rame. A bayansa gadajen ƙarfe ne wani kan wani, da riguna rataye a igiya.

"Kana cin abinci kuwa?" uwar ta tambaya. "Wuyanka ya koma na zakara."

"Ina ci, Inna. Wayar ce ke rage mutum."

Uban ya karɓi wayar, ya riƙe ta nesa da fuskarsa kamar madubi. Ya ba da labarin jan fenti daga farko har ƙarshe, bai tsallake komai ba. "Ka zo ka sari itacenka," ya ce. "Sara ɗaya ne. In ka ga dama ka koma washegari."

"Baba, ba kamar zuwa kasuwar Margilan ba ne fa."

"Kullum jirage na wucewa ta kan hulata. Duk babu kujera ɗaya a ciki?"

"Ku sare kawai, Baba. Na yafe. Itace ne."

Mamasoli-aka ya miƙo mini wayar kamar ta ƙona shi, ya koma wajen tumakinsa.

Ranar Litinin ina zaune a bakin aji lokacin tara, Sanjar ya kira ni.

"Malam, kada ka gaya musu. Takardun zamana sun ƙare tun bara, fasfona kuma yana hannun ogan aiki. In na fita yanzu za su hana ni dawowa shekaru. In na zauna a gida da me zan riƙe su? Da tsintar auduga?"

"Na ji ka, ɗana."

Sai ya koma tambayar itatuwan.

"Sun yi tsawo sosai?"

"Sun wuce hasumiyar masallaci."

"Har yanzu suna wannan ƙarar in iska ta taso da yamma? Kamar ana zuba shinkafa a tire?"

"Suna yi."

"A nan wani lokaci famfon wanka ke yin irinta. Sai in tsaya kamar wawa da sabulu a kai, na bayana na zagina." Ya yi 'yar dariya. "Ka ce musu ina ƙoƙari."

Haka na faɗa musu, ban ƙara ko kalma ba. Amma kafin in kai bakin ƙofa, "yana ƙoƙari" ya zama "yana hanya" a bakin Tursunoy-opa. Ta fitar da barguna ta shanya. Ta zaɓi kankana mafi kyau ta rataye a ɗakin ajiya, ta ce kada wanda ya taɓa. Mamasoli-aka ya bar kankarar fenti, ya yi wa gatarinsa sabuwar ƙota, kullum da yamma yana wasa shi a bakin ruwa har ya kai yana aske gashin hannu. Ergash ya ce zai kai ƙara, ana shirin ƙwace masa sana'a.

In na wuce da safe sai tsohuwar ta tare ni a ƙofa da tsintsiya a hannu. "Ka ji jirgin kusa da asuba, Malam? A hankali ya sauko, kamar mai ɗauke da mutanen gida."

Ni dai ban taɓa jin wanda ya sauko a hankali ba. Sai in ce mata Allah ya sa.

* * *

Ganye ya yi rawaya. Farin ƙanƙarar da ke kan duwatsu ya fara gangarowa, kullum ya ɗan matso. Wata yamma Holmat ya biyo ta gidana tare da liman, ya ce in raka su, wai maganata ta fi tasa laushi.

Muka zauna a tsakar gidan Mamasoli-aka. Aka sha shayi, aka tambayi lafiyar tumaki da ciwon gwiwa, sannan Holmat ya gyara murya.

"Aka, na kare ka iya ƙarfina. Ranar Asabar masu inji za su zo. Ba ni na aiko su ba, ba kuma ni zan iya mai da su ba."

"Yaron yana hanya."

"Wace hanya? Ko a jaki ya taso ai da ya iso."

Liman ya dafa gwiwar Holmat ya dakatar da shi. Tsoho ne mai sanyin murya. "Mamasoli, aure ma ana ɗaura shi da wakili," ya ce. "Yaron ya yi bisimilla da bakinsa ta wayar Malam, ya ce ya wakilta ka, kowa na gani yana ji. Hannunka ya zama nasa ke nan. Duk ƙauye shaida ne cewa mai itace yana raye, kuma da izininsa aka sare."

Mamasoli-aka ya daɗe yana duban kawunan itatuwan ta saman katanga. "Kakana bai taɓa jin wannan ba."

"Kakanka jirgi bai bi ta kansa ba," in ji Holmat.

Tursunoy-opa na tsaye a ƙofar madafi da buta a hannu. Ba ta saba sa baki a zaman maza ba. "In ka ƙi," ta ce a hankali, "baƙo ne zai yi saran farko. Da inji."

Mijinta bai dube ta ba. Can ya ce da ni, "Ka gaya masa ya wanke fuskarsa ranar. Mutane za su gan shi."

* * *

Ranar Asabar aka yi komai yadda ake yi. Mata suka cika tanderu da gurasa, Holmat ya ɗora babbar tukunyar shinkafa da karas da naman rago. 'Yan gayya suka hallara da igiyoyinsu. Ni ne ƙaraminsu, ni da ake ta yi mini maganar ajiye alli. Masu inji su biyu suka iso da mota suka tsaya a bakin hanya. Aka kai musu shayi da gurasa mai zafi, suka yarda su jira a yi saran farko.

Sanjar ya ce a kira shi lokacin hutun cin abincinsu na rana. Da ya ɗauka, a kan wani gini yake, da hular kwano a kai, numfashinsa na fita fari saboda sanyi. Na juya wayar na nuna masa itatuwan, daga gindi na ɗaga a hankali har can inda ganye ke kaɗawa. Da na mai da ita wajena yana goge hanci da safar hannu.

Ergash ya turo kai. "Ka ga dukiyarka, ɗan banza? Ka zo in yi maka aski, ka koma kamar bunsuru."

"Sannu, Ergash-aka. Har yanzu kana yanke wa mutane kunne?"

"Naka nake jira."

Aka yi dariya. Uwarsa ta matso ta taɓa gilashin wayar da yatsa, ta koma cikin mata.

"Baba, mu yi sauri," Sanjar ya ce. "Hutun gajere ne."

Amma ba a ɗaga gatari sai an yi addu'a. Mamasoli-aka ya durƙusa ya buɗe tafuka, mu ma muka buɗe. Ya fara yadda ubansa ya yi masa. Ya ambaci kakanni da sunayensu, da waɗanda suka haƙa magudanar da ta shayar da itatuwan, da ungozomar da ta karɓi haihuwar yaron. Ya roƙa wa matattu rahama, ya roƙa wa matafiya dawowa, gida gida, bai manta da ɗan kowa ba. Ba a gajarta wannan addu'a, ba a kuma katse tsoho.

Ina riƙe da wayar ina ganin Sanjar. Hannunsa ɗaya a buɗe, idonsa na zuwa gefe yana dawowa. Sai wata murya mai kaushi ta yi tsawa da Rashanci, ta sake yi.

"Baba, ana kirana. Yanzu zan dawo."

Hoton ya juya, ya nuna sama, ya yi duhu. Bai yi bisimilla ba, bai wakilta kowa ba.

Aka shafa. Mamasoli-aka ya miƙe da ƙyar, ya dubi wayar.

"Ina yake?"

"A aljihu ya sa ta, aka. Bai kashe ba."

Na ƙara mata murya na kai ta kusa da kunnensa. Muna jin gogar tufa, da numfashi, da takun takalmi a kan tsanin ƙarfe. Wani na faɗa daga nesa. Sai ƙarar guduma ta fara, a natse, bugu bayan bugu.

"Me yake yi?"

"Rufi suke bugawa."

"Rufin wa?"

Ya karkata kai yana sauraro.

Mamasoli-aka ya tofa yawu a tafukansa, ya ɗauki gatarin, ya je gindin itacen farko. Na bi shi da wayar. Ya gyara tsayuwa, ya yi bisimilla can ƙasa-ƙasa, ya ɗaga gatarin ya jira. Da gudumar ta sauka, gatarin ya sauka tare da ita.

"Kun ji ko," Tursunoy-opa ta ce da matan da ke gefenta. "Hannunsa ne."

Fararen ɓarɓashi suka riƙa tashi. Guduma ta buga, gatari ya sara. In gudumar ta dakata yaron zai ɗauki ƙusa, tsohon ma ya dakata. Ba wanda ya miƙa hannu ya karɓe shi, ko da yake saran farko ya wuce tun tuni kuma gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Sai ƙarar ta ɗauke. Na dubi wayar, kiran ya yanke.

Tsohon ya tsaya, kunnensa a wajena.

"Ya tsaya ne?"

"Ya tsaya, aka."

"To bari ya huta. Tun safe yake aiki."

Ya kafa kan gatarin a ƙasa, ya dogara da ƙotar yana jira. Ban sauke hannuna ba. Ganyen da saran ya girgiza ya yi ta sauka a kan hularsa da kafaɗunsa, bai kakkaɓe ba. Can a bakin hanya ɗaya daga cikin masu injin ya zubar da ragowar shayinsa, ya ajiye kofin a kan faranti, ya sauko da zarto daga mota.